Daga Ɗigo Zuwa Ambaliya: Yadda Turanci Ke Rarrabe Ruwa Mai Gudu

A arewacin jihar Bajiniya ta Amurka akwai wani ruwa da ake kira Little River. Ba teku yake zuwa ya faɗa ba, cikin wani ruwa mai suna Goose Creek yake zubawa. Duk wanda ya koyi Turanci a makarantunmu zai ji abin bambaraƙwai, domin an koya mana cewa *river* ne babba, *creek* ƙarami, kuma ƙaramin ne ke kai wa babba ruwa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, da kanta takan kawo wannan misali idan aka tambaye ta bambancin kalmomin biyu, amsarta kuwa ita ce babu wata ƙa'ida ta hukuma da ta raba su. A kundinta na sunayen wurare, duk ruwan da ke gudu a miƙe cikin hanyarsa an zuba shi a aji ɗaya, *stream*, alhali kalmomin da jama'a ke kiransa da su sun haura 100.

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu koyon waɗannan kalmomi shi ne zaton cewa an jera su ne bisa awo, wannan ta fi waccan girma da kaza. Mai neman wannan jeri zai sha wahalar banza, don kalmomin gida biyu ne, kuma kowane gida da dokarsa. Gida na farko shi ne sunayen ruwan da ke bin ƙasa, irin su *river*, *stream*, *brook* da *creek*. A nan tarihi da mazaunin mai magana ne ke yanke hukunci. Gida na biyu shi ne kalmomin da ke bayyana yadda ruwa, ko jini, ko mai, ko madara ke fitowa daga cikin wani abu, irin su *drip*, *trickle*, *squirt*, *spurt*, *jet* da *gush*. A nan bambancin na gaske ne, ido yana ganinsa, kuma akwai inda musanya wata da wata kan iya jawo asarar rai. Littattafan makaranta sun fi ɓata lokaci a gida na farko. A ganina na biyun ne ya fi cancantar lokacin, amma sai an warware na farkon tukuna hankalin mai karatu zai kwanta.

*Stream* ita ce uwa. Tsohuwar kalma ce da kakannin Ingilishi suka shigo da ita tsibirin Birtaniya daga arewacin Turai wajen ƙarni na 5, kuma 'yar uwarta tana nan a Jamusanci, *Strom*. Abin da ke cikinta shi ne gudana ba yankewa, a hanya ɗaya. Girma bai shiga ciki ba. Shi ya sa masanin ruwa zai kira kogin Misisipi *stream* ba tare da jin ya yi kuskure ba, shi ya sa ɗumamen ruwan da ke keta tekun Atilantika daga gaɓar Amurka zuwa Turai ake ce masa *Gulf Stream*, jinin da ke zagaya jiki *bloodstream*, kallon bidiyo kai tsaye a intanet ba tare da an sauke shi ba kuma *streaming*. Amma a bakin mutumin titi, idan ya ce ya tsallake *stream*, ƙorama yake nufi, wadda ba ta kai kogi ba.

*River* kuwa baƙuwa ce. Ta shigo ne da Faransancin mutanen Nomandi bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ta ture tsohuwar kalmar gida, *ea*, wadda yanzu sai a sunayen garuruwa ake jin ɗuriyarta, kamar Eton. Asalinta Latin ne, *ripa*, ma'ana gaɓa. Wato ba ruwan aka duba aka raɗa masa suna ba, gaɓarsa aka duba. Daga wannan tushe ne *arrive* ta fito, isowar jirgin ruwa gaɓa. Abin mamaki, *rivulet*, ɗan siririn ruwa, wadda kowa zai rantse 'yar *river* ce, ba gidansu ɗaya ba. Ita daga *rivus* take, wata kalmar Latin mai nufin ƙorama, kuma 'yan uwanta su ne *derive*, janyo ruwa daga tushensa, da *rival*, abokin hamayya, wanda asalinsa mutum ne da kuke shan ruwa daga magudana ɗaya. Wanda ya taɓa ganin manoman rani biyu suna jayayya a kan wanda zai fara ban ruwa ba ya bukatar a yi masa ƙarin bayani.

Idan aka sauko ga ƙananan ruwaye, taswirar Birtaniya ce ke magana. A kudanci da tsakiyar Ingila *brook* suke cewa. A arewa, inda mayaƙan Baikin, 'yan jiragen ruwa daga arewacin Turai, suka zauna tun daga ƙarni na 9, *beck* ne, shi ya sa ake samun Troutbeck da Caldbeck. A Sikotilan da iyakarta *burn* ne, kamar Bannockburn inda aka yi shahararren yaƙin 1314. Wannan kalma a kudu ta zama *bourne*, kuma a yankunan farar ƙasa mai tsotse ruwa akwai *winterbourne*, ƙoramar da ba ta gudu sai da hunturu. Ruwa iri ɗaya ne, da yaro zai iya tsallakewa ko ya keta da ƙafa, amma sunansa ya danganta da wanda ya zauna a bakinsa shekaru dubu da suka wuce. Da Turanci ya haye Amurka sai abin ya ƙaru. Mutanen Holan da suka fara zama a yankin New York sun bar *kill*, kamar a Catskill. A Bajiniya da Pensilbaniya akwai *run*, kamar Bull Run inda aka gwabza sau biyu, 1861 da 1862, a yaƙin basasarsu. A Luwiziyana akwai *bayou*, ruwa mai tafiyar hawainiya cikin fadama, kalmar da ta fito daga harshen ƙabilar Choctaw ta hanyar Faransanci.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, mu ma haka muke. Abin da Bakano zai kira kogi, Bakatsine da Basakkwace da Bamarade gulbi za su ce, shi ya sa muke da Kogin Chalawa a nan, Gulbin Rima da Gulbin Maraɗi a can. Rafi ma a wasu wurare ruwan ne, a wasu kuma lambun da ke gefensa.

*Creek* ce ta fi kowace ruɗa mutane, kuma ita ce ta fi shafarmu. A Turancin Birtaniya ba ƙorama ba ce ko kaɗan. Wani lungu ne da teku ko bakin kogi ya kutsa cikin ƙasa, ruwansa yana cika yana janyewa tare da na teku, sau da yawa mai gishiri ne, gindinsa taɓo. Deptford Creek da Barking Creek da ke Landan haka suke. A Amurka da Ostireliya kuwa kalmar ta koma nufin ruwan daɗi mai gudu a cikin ƙasa, nesa da teku. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, baƙin da suka sauka a gaɓa sun riƙa bin irin waɗannan lunguna suna shiga ciki, suka ci gaba da kiran ruwan da sunan da suka fara ba shi a baki. Sakamakon haka, Cooper Creek da ke Ostireliya ya kai kimanin kilomita 1,300, kogin Thames kuma da duk duniya ta sani a matsayin *river* kilomita 346 ne kacal.

Turancin Najeriya ya riƙe ma'anar Birtaniya. Five Cowrie Creek da ya raba Ikoyi da Victoria Island a Legas, da Badagry Creek, da ɗaruruwan hanyoyin ruwan da suka saƙa yankin Neja Delta, duk ruwaye ne masu alaƙa da teku, kwalekwale da jirage masu inji ke bin su. Idan jarida ta ce sojoji sun shiga *creeks* neman masu fasa bututun mai, aka fassara wa mai sauraro a Gumel cewa sun shiga ƙoramu, an ba shi hoton da ba shi ba ne: zai hango yashi da ɗan ruwa iya idon sawu. Gara a ce lungunan ruwa na gaɓar teku, ko da maganar ta ɗan yi tsawo. Fataken da ke zuwa Dubai sun san irin wannan ruwa da idonsu, shi ne wanda ake hayewa a ƙaramin jirgin katako tsakanin Deira da Bur Dubai, kuma Dubai Creek ake kiransa.

Waɗanda suka yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi suna da tasu matsalar dabam. Faransanci ya raba *fleuve*, kogin da ke faɗawa teku, da *rivière*, wanda ke faɗawa cikin wani kogi. A can Neja *fleuve* ne, Binuwai da ke haɗuwa da shi a Lokoja *rivière*. Turanci bai san wannan rabo ba, dukansu *river* ne. Idan yana son nuna wanda ke kai wa wani ruwa sai ya ce *tributary*, idan kuma reshe ne da ya ɓalle daga uwar kogi ya nufi teku shi kaɗai, kamar Forcados da Nun a ƙarshen Neja, *distributary*. Masana ruwa, da suka ga sunayen gargajiya ba za su auna musu komai ba, lamba suka koma. A tsarin da wani masanin ƙasa Ba'amurke, Arthur Strahler, ya daidaita a shekarun 1950, ƙoramar da ba ta da mai zuba mata ita ce mataki na 1, biyu irinta suka haɗu sun zama mataki na 2, a haka har a kai Misisipi da ke mataki na 10 da Amazon da ke na 12.

Akwai kuma ruwan da Ingila ba ta da shi, don haka ba ta tanadar masa suna ba: kwarin da ke bushe ƙayau wata tara, ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi ya cika ya tafi da raƙumi da kayansa. Turanci ya aro *wadi* daga Larabci, *arroyo* daga Sifaniyanci, *nullah* daga Indiya. A Nijar, Faransancin ƙasar ma *kori* yake cewa, kamar Telwa da ke saukowa daga duwatsun Azbin zuwa Agadas. Kalmarmu fadama ita ma ta shiga Turancin masana noma, har ta zama sunan wani babban shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya tun shekarun 1990. Kalmar Turanci da ta fi kusa da wannan hali ita ce *torrent*, ruwa mai gudu da fushi. Asalinta Latin ne, *torrere*, ƙonewa ko bushewa da zafi, tushen da ya haifi *torrid*. Masu bin asalin kalmomi suna danganta hakan da ruwan da ke tafasa don ƙarfin gudu, kuma ƙoramun ƙasashen Bahar Rum da ke ƙafewa da rani su tumbatsa da ruwan sama sun dace da sunan ta fuska biyu.

To, mu shiga gida na biyu. A nan abin da mai magana ke lura da shi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne yawan abin da ke fitowa, da abin da ke turo shi, da ko yana ɗorewa ko yankewa yake yi, da kuma surar da ya ɗauka a iska.

A can ƙasa akwai *seep* da *ooze*, inda babu wata huda da za ka nuna da yatsa. *Seep* naso ne, ruwa mai ratsa ƙananan ƙofofin abu a hankali, kamar yadda damina ke tasowa a gindin bangon ƙasa ko jikin sabuwar randa ke yin gumi. *Ooze* ta fi karkata ga abu mai kauri ko yauƙi: mugunya daga gyambo, ƙaro daga jikin itace, kwalta da rana ta narkar. *Leak* yoyo ne, kuma ita ba ta gaya maka yawan ruwan ba, abin da take gaya maka shi ne akwai ɓaraka a inda bai kamata ba. Shi ya sa takardar sirri ma takan yi *leak*. *Drip* ɗigo ne, ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakani. Daga nan ƙarin ruwa na asibiti ya samo sunansa, kuma ma'aikatan jinya da gaske ƙirga ɗigon suke yi, domin a robar da aka fi amfani da ita ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya. Da zarar ɗigon ya haɗu ya zama zare guda siriri mai bin jikin abu, an shiga *trickle*, zirara ko tsiyaya: hawaye a kunci, gumi a gadon baya, famfon da ruwansa ya kusa ɗaukewa. *Dribble* dangin dalala ce, fita kaɗan-kaɗan ba tare da iko ba, kamar yawun jariri. Ɗan ƙwallon da ke tafiya da tamaula yana ɗan taɓa ta kaɗan-kaɗan, wannan kalma ce aka ara masa.

A tsakiya akwai *flow*, *run* da *pour*, waɗanda ba su da wata rigima. *Flow* gudana ce lami lafiya. *Run* ta fi zama ta yau da gobe, ta famfo da ta hanci mai mura. *Pour* ita ce zubawa daga sama zuwa ƙasa, galibi da hannun mutum a ciki, ko ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Inda aiki yake shi ne kalmomin ruwan da aka matsa. *Squirt*, *spurt*, *jet*, *spout* da *gush* duk ƙamus zai iya ba ka su da kwarara ko tsartuwa, ka rufe littafin kana zaton abu ɗaya ne. *Squirt* tana bukatar ƙaramar huda da kuma matsi daga waje, yawanci wani ne ya matsa: ma'aikacin jinya ya danna sirinji don fitar da iska, mai tatsa ya matsa hantsar saniya, yaro ya huda ledar ruwa da haƙori ya tsarta wa ɗan uwansa. Kaɗan ne, gajere ne, kuma ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba. *Spurt* matsinta daga ciki yake, babu wanda ya matsa, kuma ba a shirya mata ba. Fitowa ce farat ɗaya, da ƙarfi, ta ɗan lokaci, ta lafa, wataƙila ta sake dawowa. Famfon da aka daɗe ba a kawo ruwa ba, idan ya fara tari yana tofo ruwa da iska, *spurt* yake yi. Saboda wannan ma'ana ta ƙarfi na ɗan lokaci ne ake kiran tsawon da yaro ke yi farat ɗaya lokacin balaga *growth spurt*.

*Jet* kuwa ba ta yankewa. Daga Faransanci take, *jeter*, jefawa. Siririn ruwa ne miƙaƙƙe, mai ƙarfi, wanda ke riƙe surarsa har ya yi nisa, kuma kusan kullum akwai wani baki da aka ƙera don fitar da shi. Tiyon 'yan kwana-kwana shi ne misalin da kowa ya sani. A birnin Janiba na Suwizalan akwai wani da ya zama alamar garin, Jet d'Eau, mai harba lita 500 a kowace daƙiƙa zuwa tsayin mita 140. A masana'antu ana yanka ƙarfe da dutse da irin wannan ruwa idan aka cakuɗa shi da yashi mai kaifi. Kalmar takan nufi bakin da kansa, shi ya sa makanike ke kiran ɗan ƙarfen nan mai huda da ke shigar da fetur cikin injin babur ko janareto da wannan suna, kuma jirgin sama na jet ya samo sunansa ne daga iskar da yake harbawa baya. *Spout* ita ma tana da fuska biyu, bakin buta ne ko indararo, kuma ruwan da ke fitowa daga cikinsu, mai kauri fiye da *jet*, mara kaifinta.

*Gush* ita ce ta yawa. Ba ruwanta da siriri ko miƙewa, ɓulɓulowa ce mai tumbatsa wadda ta fi ƙarfin ƙofar da take fita. Ranar 10 ga Janairu 1901, a Spindletop kusa da garin Beaumont na jihar Texas, masu haƙa suka huda tafkin mai da ke ƙarƙashin matsi, man ya yi tsiri sama yana fita kimanin ganga 100,000 a rana har kwana tara kafin a shawo kansa. Irin wannan rijiya *gusher* ake ce mata. Maɓuɓɓugar ruwan zafi mai harbawa sama lokaci-lokaci, *geyser*, ta samo suna daga Geysir da ke Aislan, wanda shi ma daga wata kalmarsu mai nufin ɓulɓulowa da ƙarfi yake. Mutumin da ke zuba yabo ba birki ma akan ce yana *gush*, kuma ba yabonsa ake yi ba idan an faɗi haka.

Na ce akwai inda wannan bambanci ke taɓa rai, kuma asibiti nake nufi. A darasin taimakon gaggawa ana koyar da zubar jini iri uku, kowane da kalmarsa. Jinin da ke *spurt*, ja jawur, yana tsartuwa daidai da bugun zuciya, daga jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya yake, kuma mutum na iya rasa ransa cikin mintuna idan ba a danne wurin da ƙarfi an garzaya da shi ba. Wanda ke *flow*, mai ɗan duhu, yana kwarara ba tsayawa, daga jijiyar da ke mayar da jini zuciya yake, shi ma yana da haɗari idan ya yi yawa. Wanda ke *ooze* kuwa tsattsafowa ce daga ƙananan hanyoyin jini na fata, irin na kurjewa, yawanci yakan tsaya da kansa. Ɗalibin aikin jinya da ya haddace ukun a matsayin “zubar jini” bai karanta darasin ba. Haka ungozoma takan so ta san ko faya ta fashe ne ruwan ya zubo gaba ɗaya, wato *gush*, ko kuwa *trickle* yake yi, don mai ciki kan ɗauki na biyun a matsayin fitsari ta zauna a gida alhali lokacin zuwa asibiti ya yi. Likitan da ke duba dattijo zai tambayi ƙarfin *stream* ɗin fitsarinsa da ko yana *dribble* bayan ya gama, alamun kumburin ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wannan dabam yake da yoyon fitsari da mata ke samu bayan doguwar naƙuda, wanda *leak* ne na gaske, domin huda ce ta samu.

Sauran kalmomin na ruwan da ya tarwatse ne, kuma ba su da wahala. *Spray* feshi ne, kamar na maganin ƙwari a gona. *Sprinkle* yayyafawa ce da hannu. *Splash* fantsama ce, ruwan da ya bugi wani abu ko wani abu ya faɗa cikinsa. *Drizzle* yayyafin sama ne, masu girki kuma sun are ta don zuba mai ko zuma siriri a kan abinci.

Wanda ya saurari kalmomin nan da kunne zai ji wani abu. *Trickle*, *dribble*, *drizzle*, *sprinkle*, *gurgle*, duk da sauti ɗaya suke ƙarewa, kuma wannan ƙarshe a Turanci yakan nuna ƙaramin aiki mai maimaituwa, aikin da mu muke yi da ninka gaɓa idan mun ce ɗiɗɗiga ko tsattsafo. Masu fita da ƙarfi kuma da yawansu da *sp* suke farawa, leɓe a rufe sannan ya buɗe: *spurt*, *spout*, *spray*, *spew*, *spit*. Turanci ya cusa amon ruwan a cikin kalmar aikin kanta. Hausa takan ajiye shi a gefe, ta ce ruwa na zuba shaa, yana ɗiga ɗis-ɗis, yana fitowa bul-bul. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin mai fassara bai kamata ya tsaya neman kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya ba. Sau da yawa abin da Turanci ya faɗa da *gush*, cikakkiyar Hausarsa aiki ne tare da amonsa, kuma babu abin da ya ragu.

Da kalmomin suka bar ruwa suka koma kan mutane da kuɗi, nauyinsu bai bar su ba. Jarida na iya cewa 'yan gudun hijira suna *trickle* zuwa wata ƙasa, ko suna *stream*, ko suna *pour*, ko sun yi mata *flood*. Adadin na iya zama ɗaya a duka huɗun, amma ta farko ta ce kaɗan ne, ta biyu ta ce ba sa yankewa, ta uku ta ce sun yi yawa, ta huɗu ta mayar da su bala'in da ake gina shinge don tarewa. Mai fassara da ya ce ambaliyar baƙin haure ya ɗauko hukuncin marubucin ya ɗora wa mai sauraronsa, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Manufar tattalin arzikin da aka fi dangantawa da zamanin shugaban Amurka Ronald Reagan a shekarun 1980, ta rage wa masu kuɗi haraji da fatan alheri zai gangaro wa na ƙasa, masu sukarta ne suka fi kiranta *trickle-down*, kuma sukar tana cikin kalmar: abin da zai iso ƙasa tsiyaya ce kawai.

A labarin malalar mai da na madatsun ruwa kuwa, kalma ce ke nuna wanda za a tuhuma. *Seep* ba laifin kowa ba ne, akwai wuraren da ɗanyen mai ke nasowa daga ƙasa da kansa tun kafin a san haƙa. *Leak* na nuna bututu ya ruɓe ko an huda shi. *Spill* ma'anarta ta yau da kullum zubewa ce daga mazubi, kamar shayi daga kofi, shi ya sa ta yi wa abin da ya faru a Tekun Mekziko a 2010 kaɗan, lokacin da rijiyar da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya haƙa ta yi kwana 87 tana ɓulɓulo mai a ƙarƙashin teku. Masu aikin mai *blowout* suke kiran irin wannan. Madatsar Lagdo da ke kan Binuwai a arewacin Kamaru, idan ta cika, masu kula da ita kan buɗe ƙofofi su saki ruwa, wannan *release* ne, aiki ne da aka yi da niyya, kuma tambayar da ke biyo baya ita ce ko an sanar da mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi a kan lokaci, kamar yadda aka yi ta muhawara bayan ambaliyar 2012 da ta 2022. *Overflow* tumbatsa ce, ruwa ya haura saman gini alhali ginin na tsaye. *Breach* ko *burst* kuwa ginin ne ya ɓalle. Lokacin da ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, rahotannin Turanci sun yi amfani da waɗannan kalmomi dabam-dabam, wasu suka ce tumbatsa, wasu suka ce ɓallewa. Idan tumbatsa ce, maganar ta fi komawa kan yawan ruwan saman da aka yi a wannan damina. Idan ɓallewa ce, dole a tambayi yaushe rabon da a duba ginin, wa aka damƙa wa gyaransa, kuma ina kuɗin gyaran suka shiga.